Randar Kawu da Suka Kifar

Sun zubar da randar Kawu tun masu kai shi ba su dawo daga maƙabarta ba. Ban yafe ba, kuma ba zan rubuta cewa na yafe don a ce ina da kirki ba. Babban ɗansa ne ya bar umarni kafin a ɗauki gawa, matan gida suka kama, suka jawo randar daga gindin bango suka kifar da ita a tsakar gida. Wai wari take yi. Wai abokan aikinsa za su zo gaisuwa daga Kumasi, kada su tarar da gidan ubansa yana ɗoyi.

Ina cikin ɗaki ina riƙe da matar Kawu, wadda muke kira Inna, na ji ƙarar ruwa. Kafin in fito ya malale daga bakin madafi har kusa da zaure, ƙasa tana shanye shi. Guntayen ƙarafan da ke ciki kuwa an tattara a tsohon buhu, an miƙa wa masu sayen ƙarfen bola da ke wucewa da kurarsu. Ko tambaya ba a yi ba.

Da aka zubar da shi, ruwan ba shi da wata kala, ɗan kore-kore ne kamar ruwan da aka dafa rama. Kafin la'asar wurin ya koma ja wur. A kan jan nan masu gaisuwa suka yi ta wucewa. Wata hajiya ta ɗaga zanenta tana tambaya, "Rago aka yanka a nan?" Wata ta yi tsaki saboda ya ɓata mata takalmi, takalmin da na tabbata daga hannun Kawu fatarsa ta fito. Liman ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri, sai na san bai taɓa yin ciniki da shi ba. Abokan aikin babban ɗan suka zauna a kujerun roba ƙarƙashin rumfa, suka ce Allah ya ba da haƙuri, suka sha ruwan leda suka tashi. Ko rabin yini ba su yi ba. Saboda hancinsu aka yi ɓarnar.

Wadda ta yi kukan gaskiya wata Bakirista ce 'yar kudu mai sayar da takalma a babbar kasuwa. Da Hausarta ta kasuwa take faɗa wa Inna, "Baba ya tafi, baƙi ya tafi. Wa zai ba ni baƙi wanda ba ya fita?" Sai kuma tsofaffin majema, abokan sana'arsa, da suka shigo jere da sandunansu. Da na gaba ya ga jan nan ya tsaya cak. Ya dubi randar a kife, ya dube ni. Babu wanda ya taka wurin a cikinsu. Suka bi gefen bango ɗaya bayan ɗaya, kamar masu kewaye kabari.

Ga wanda bai sani ba, abin da ke cikin randar sunansa kuloko. Da shi ake yi wa fata baƙi. Tsofaffin ƙarafa ake jiƙawa a ruwa, a zuba sukari da ɗan abin tsami, a rufe ruf, ruwan ya yi ta cin ƙarfen a hankali. Shi kansa ba baƙi ba ne. Sai ya taɓa fatar da aka jeme da bagaruwa, ya sha iska kaɗan, sai ka ga baƙi yana tasowa a gaban idonka kamar hadari. Kowane baduku a Zangon Tamale yana iya haɗa nasa. Amma randar Kawu ba a taɓa ƙarar da ita ba tun zamanin ubansa. A ɗiba, a ƙara ruwa, a bar uwar, wato tsohon ruwan, a ƙasa.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauke ni da ta rasu, lokacin ina 'yar yarinya mai tallan ƙosai. Majemi ne, baduku ne kuma, ya jeme ya ɗinka. Faratansa baƙaƙe ne har ya mutu, masu wankan gawa sun goge sun gaji. A masallaci akan ɗan matsa masa, ba don girmamawa ba, shi kuma yakan ce, "Madalla, warin jima ya saya mini fili." Kullum da safe kafin ya karya kumallo sai ya durƙusa gaban randar, ya ɗaga murfin da faɗin yatsa, ya shinshina, ya mayar da sauri. In yaro ya buɗe ta da yawa, ranar kowa zai ji a jikinsa. "Iska ɓarauniya ce," in ji shi. "Ku bar mata ƙofa ku ga." Inna ta sha yin mita cewa randa ta fi mutanen gidan shan sukari. Gaskiyarta. Mun sha koko gaya ba sau ɗaya ba, randa kuwa ba ta taɓa kwana da yunwa ba.

Abin da mutanen waje ba su sani ba, kuma babban ɗan ya sani sarai, shi ne irin ƙarafan da ke ciki. Duk wanda ya rasu a gidanmu, Kawu yakan ɗauki ƙarfe ɗaya da hannun mamacin ya saba da shi ya jefa a randar. Ƙarfen fartanyar kakanmu yana ciki. Almakashin ƙanensa tela yana ciki. Makullin akwatin kakarmu yana ciki. Haka ya ga ubansa yana yi.

Wuƙar mahaifiyata ma tana ciki. 'Yar ƙarama ce, mai ƙotar icce, da ita take yanka albasa da kuɓewa. Ita kaɗai na tsira da ita daga kayanta, na ɓoye ta a ƙarƙashin tabarmata. Bayan sadakar arba'in Kawu ya ce in kawo. Na ƙi. Na yi kuka, na yi birgima, na ce masa mugu. Bai doke ni ba. Ya shiga ɗakinsa ya fito da wata tsohuwar aska da ya manta a saman katanga tun bara, ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce in murza. Na murza, ta ruguje, hannuna ya yi ja.

"Kin gani?" ya ce. "Ƙarfe baƙo ne a hannunmu. Daga jar ƙasa aka ciro shi da wuta, kuma duk inda ya samu iska da laima, gida yake nema. Ki ajiye wuƙar nan damina biyu, abin da za ki samu ke nan. In ta shiga randa kuwa, ruwa zai sha ta, ni kuma in shafa ta a kan fata. Uwarki za ta je Kumasi, za ta je Bolga, za ta je Makka a ƙafar mahajjata. Ke a ina za ki kai ta? Ƙarƙashin tabarma?"

Da hannuna na jefa ta. Ya riga ya cire ƙotar ya ba ni, tana nan har yau. Daga ranar ni ce mai ba randar sukari, ni ce mai ƙara mata ruwa, har aka yi mini aure.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka waliyyi nake zanawa. Kawu yana da taurin kai irin na ƙirgin da ya kwana a rana. 'Ya'yansa maza duka ya kai su makarantar boko, ni ya bar ni da randa da tallan ƙosai. Na roƙe shi ya koya mini riƙon kartaji, wuƙar da ake kankare gashin fata da ita, ya ce ba a taɓa ganin mace a majema ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Waɗanda ya kai makarantar ko ɗaya bai tsaya ya koyi jima ba, kunyar warin suke ji. Ni da nake so aka hana ni. Wannan ciwon ban taɓa ɓoye masa shi ba, na faɗa masa a gaban Inna, na faɗa masa a gaban baƙi. Yakan ce, "Bakin nan naki da ana jima da shi, da ban sayi bagaruwa ba."

Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin manya na koyon karatu a Lamashegu, inda nake zaune. Dangi suka yi ta dariya, tsohuwa da fensir. Ana gobe zan fara, sai ga Kawu a bayan babur, da shi da tsoron babur ɗinsa, ya ƙanƙame mai tuƙin kamar zai karya masa haƙarƙari. Ya miƙo mini jaka ta jar fata, an zagaye bakinta da zanen baƙi siriri, irin aikin da ya daina yi tun idonsa ya fara rauni. Ya ce, "Ga ta nan. Kada ki sa ƙosai a ciki." Ko ruwa bai sha ba ya juya. Bai taɓa ce mini ya yi kuskure ba. Jakar nan ce ban-haƙurinsa, kuma na karɓa a haka, don na san baƙin da ke bakinta da wuƙar uwata a ciki.

Rigimar da ba zan manta ba ita ce tasa da 'yata ta biyu, wadda ke koyar da kimiyya a sakandare. Wasan jika da kaka suke yi, yana ce mata amarya, tana ce masa angon da ya ƙi wanka. Wata shekara famfo ya ɗauke mana ruwa ya daɗe, har jarka ta fi mutum daraja a Tamale. Kawu ya rasa ruwan da zai ƙara wa randa, ya sa aka ɗebo masa daga wata tsohuwar rijiya a bayan majema, mai warin baragurbi. Cikin 'yan kwanaki ruwan randar ya yi baƙi ƙirin. Murna ta kama shi, ya ce kuloko ya yi ƙarfin da bai taɓa yi ba. Da ya shafa a fata kuwa, sai toka-toka, kamar gemun tsoho. Ya sake shafawa, haka. Ya ce maƙiya ne suka yi masa baki.

Amaryar tasa ta zo gaishe shi, ta leƙa, ta toshe hanci. Ta ce, "Ango, ba maƙiya ba ne, kai ne. Warin nan na farar wuta ne, a cikin ruwan rijiyar yake. Ta kama ƙarfenka ta zaunar da shi a gindin randa ya zama laka. Baƙin da kake gani baƙin laka ne, ruwan sama fanko ne."

"Ke aka haifa jiya za ki gaya mini baƙi?"

"Ni aka haifa jiya, amma fatarka ce ta yi furfura, ba tawa ba."

Ta ɗauki tsinke ta zana masa a ƙasa, ina tsaye ina kallo. Ta ja layi daga sama zuwa ƙasa, ta ce sama wurin da iska ta yi yawa ne, ƙasa wurin da aka toshe ta. Ta ja wani a kwance, ta ce wannan gefen tsami, wancan gefen ruwan toka. Ta ce ƙarfe ɗaya ne, amma inda ka ajiye shi a filin nan shi ke yanke abin da zai zama ya zauna a kai. In iska ta yi yawa, tsatsa, ja. In an rufe kuma da tsami, ya narke cikin ruwa ya zauna shiru, wannan ne kulokonka. In an rufe kuma farar wuta ta shigo, tsami ya yi ƙasa, baƙar laka. Ba ya zaɓa, ba ya gardama, duk unguwar da ka kai shi kayan mutanenta zai sa.

Kawu ya daɗe yana duban zanen. Ya ce, "Wato nan Kaladan, nan Nyanshegu, nan Lamashegu."

"Haka ne."

"To ni a Zango nake, ba na cikin taswirarki." Ya sa ƙafa ya share zanen.

Ta yi dariya ta ce ya ƙara tsamiya da yawa, ya buɗe murfin na ɗan lokaci warin ya fita, sannan ya rufe. Ya ce ba zai yi ba, ya ce ya sake ta, ta tafi gidan ubanta. Makonni bai amsa gaisuwarta ba. Inna ce ta tsegunta mana cewa tun washegari ya aike ta kasuwa sayen tsamiya, ya ce in ta faɗa wa kowa bai yafe ba. Da ƙaramar salla sai ga takalma an kawo wa amarya, baƙinsu har ɗaukar ido yake. Babu saƙo. Amma daga baya na sha jin shi yana faɗa wa masu sayen fata, da murya irin ta wanda ya gada daga kakanni, "Ƙarfe ba shi da hali, mazauninsa ne halinsa." In tana wurin sai ta ce, "Ango, wa ya koya maka?" Ya ce, "Ubana."

Wannan ce randar da aka kifar don hancin mutanen Kumasi.

Da jama'a suka ragu bayan la'asar na tare babban ɗan a bakin zaure. Taubashina ne, tun muna yara muke zagin juna ba mai jin haushi, shi ya sa ya zaci wasa na zo yi.

"Taubashiya, wannan fuska fa? Ko rabon naman ne bai kai gare ki ba?"

"Wa ya ce a zubar da randa?"

"Haba, ruwan ɗoyi ne fa. Baƙin fata yanzu a kwalba ake sayar da shi, ba wari ba wahala. Kuma wa zai yi jimar? Ke?"

"Da ruwan ɗoyin aka ɗinka maka wandon makaranta."

Ya daina murmushi. Ya rage murya don kada na rumfa su ji. "Bari in gaya miki gaskiya. Abin nan na jefa ƙarfen matattu a ruwa ya daɗe yana damuna. A wane littafi aka ce a yi haka? Mutane suna magana. Ban so a ce ubana ya bar camfi a gidansa."

"Ka taɓa ganin ya roƙi randar wani abu? Ka taɓa ganin ya yanka mata kaza? Tunawa yake yi da nasa, da abin da hannunsa ya iya. Kai da ka iya karatu, me ka tuna da su da shi? Sunan kakarka ma sai ka tambayi Inna."

"An riga an zubar. Sai haƙuri."

"Uwata na ciki."

Ya kau da kai. Ina tsammanin ya manta da wannan, ko kuwa bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, ban san wanne ya fi muni ba. Maimakon ya ce in yi haƙuri da gaske, sai ya ce jan nan ya ɓata tsakar gida, ya riga ya yi magana da magina, gobe da hantsi za su zo su malala sumunti kafin sadakar uku. Ya ce ai gyara ne, Inna ma za ta huta da laka in damina ta zo. Ya wuce wurin baƙinsa.

Na koma gindin bango inda randar take kife na zauna a ƙasa. A nan na yi kukan da ban yi ba da safe. 'Yata malamar ta zo ta tsuguna kusa da ni, idonta ita ma ya kumbura, angonta ya tafi. Ta sa yatsa ta dangwali jar ƙasar ta murza.

"Umma, bai fa tafi ko'ina ba."

"Kada ki yi mini wa'azi, na ƙoshi tun safe."

"Ba Kaka nake nufi ba, ƙarfen. Guntayen da suka bayar sun tafi, amma su saura ne kawai. Wuƙar Kaka mace ta daɗe da narkewa, a ruwan take. Ruwan kuma ga shi nan, iska ta same shi ya koma tsatsa, ya maƙale a ƙasar nan. Bai nutse da zurfi ba, dubi." Ta tona da farce, a ƙarƙashin jan nan, ƙasa ce mai duhu irin ta kullum. "Unguwa kawai ya sake. In aka mayar da shi inda babu iska, ga tsami ga sukari, zai iya komawa ruwa."

"Zai iya, ko zai koma?"

"Ba zan yi miki alkawari ba. Zai daɗe, kuma da farko taɓo za ki gani. Amma in suka zuba sumunti, shi ke nan."

Ba mu san Inna tana bayanmu ba. Mai takaba ce, bai kamata ta fito cikin mutane ba, iyakarta bakin ƙofa. Ta kira ni da hannu. Da na je ta zaro wani abu daga cikin mayafinta, nannaɗe da tsumma, ta danƙa mini. Tun kafin in buɗe na gane nauyinsa. Kartajin Kawu ne, wanda ya hana ni riƙewa shekara da shekaru, ƙotocinsa biyu sun yi santsi saboda tafin hannunsa.

"Na ɓoye shi tun da na ji suna neman buhu," ta ce. "Kowa ya shiga randar nan ta hannunsa. Shi wa zai sa shi?"

Washegari ina idar da sallar asuba na ari fartanya wurin maƙwabciyata, na tsayar da mai keken ɗaukar kaya, muka nufi Zango. Na tarar da mata sun fara hura wutar koko. Ban gaishe da kowa ba sai Inna. Na tayar da randar, ban wanke cikinta ba, na ɗaura ɗamara na fara kankare jar ƙasar, daga bakin madafi zuwa zaure, ina tarawa a kwano ina juyewa a ciki. Abin da randar ba ta ɗauka ba na zuba a buhu. Matan da suka kifar da ita jiya suka tsaya da ludaya a hannu suna kallo.

Taubashina ya fito da buta. Ya dubi ramin, ya dube ni.

"Yanzu tsakar gidan ubana kike haƙawa?"

"Uwata nake kwashewa. Da kakanka, da kakarka, da baffanka tela. In kana da rabo a ciki, kawo kwano."

Bai kawo ba. Bai kuma hana ni ba.

Mai keke ya taya ni muka ɗora randar, na zauna a baya na rungume ta har Lamashegu, duk ramin da muka faɗa sai na ji a ƙirjina. Na kafa ta a gindin bangon ɗakina inda rana ba ta kaiwa. Na zuba ruwan famfo, na shinshina shi tukuna. Na zuba tsamiya, na juye sukarin gidan gaba ɗaya. Sannan na kwance tsumman, na riƙe kartajin da hannu biyu yadda na ga yana riƙewa, na yi bismilla, na roƙa masa gafara da rahama, na sake shi a ciki. Na rufe, na toshe bakin murfin da tsumma.

Ramin kuwa na bar musu, su cika shi da sumunti.